Tsakanin Wajibi da Sa-kai: Tarihin Ƙa'idojin Duba Jiragen Ruwan Shaƙatawa a Amurka da Turai

A Amurka da ƙasashen Turai, inda miliyoyin mutane suka mallaki jiragen ruwa domin hutu, kamun kifi na nishaɗi ko tsere, akwai sana'ar duba jirgi, wadda mai yin ta yake bincika jirgi ciki da bai, ya sa a fitar da shi tudu a ga ƙasansa, ya gwada injinsa da wayoyinsa, sannan ya rubuta rahoton lafiyarsa da darajarsa, domin mai saye ya san abin da zai zuba dukiyarsa a kai, kamfanin inshora ya san irin kasadar da zai ɗauka, banki kuma ya san ko jirgin ya isa jingina. Ma'aunin da mai duba yake aiki da shi iri biyu ne. Akwai ƙa'idojin wajibi, wato waɗanda gwamnati ta mayar doka har take hukunta wanda ya saɓa musu, akwai kuma ƙa'idojin sa-kai, wato waɗanda ƙungiyoyin injiniyoyi da masu ƙera jirage da masu inshora suka rubuta bisa yarjejeniya, ba tare da wata hukuma ta tilasta bin su ba. Tarihin sana'ar ya nuna cewa ƙa'idar sa-kai ce ta riga doka zuwa, doka kuwa takan biyo baya ne bayan an yi asarar rayuka, ta tsinci kaɗan daga abin da masana suka daɗe da sani, sannan abin da ta bari a matsayin zaɓi yakan koma dole ta wasu hanyoyi, musamman ta hannun inshora da kotu.

Asalin sana'ar a kasuwar inshora

Buƙatar 'yan kasuwa ce ta haifi duba jirgi, tun kafin gwamnatoci su sa baki. A shagon shan gahawa na Edward Lloyd da ke Landan, wanda sunansa ya fara bayyana a rubuce wajen 1688, fatake da masu jirage da masu ɗaukar inshora sukan haɗu domin jin labarin teku da ƙulla ciniki, kuma babbar damuwar mai ɗaukar inshora ita ce yakan lamunci jirgin da bai taɓa gani da idonsa ba. A 1760 wasu daga cikin ma'abota shagon suka kafa ƙungiya domin tattara bayanan jirage, kuma kundin rajistarsu mafi daɗewa da ya rage a hannu shi ne na 1764. Tsofaffin matuƙa da masassaƙan jirage su ne suke zuwa tashoshi suna dubawa, suna ba gangar jikin jirgi daraja da haruffan A, E, I, O, U, kayan aikinsa kuma da haruffa uku waɗanda daga baya aka musanya da lambobi, inda alamar A1 ta zama shaidar jirgin da ya kai matuƙa wajen nagarta. A 1834 aka sake fasalin ƙungiyar, aka rubuta ƙa'idojin ƙira dalla-dalla, aka kuma ɗauki masu duba a kan albashi. Wasu ƙasashe ma sun kafa nasu: Bureau Veritas a Antwerp a 1828, ƙungiyar da ta zama American Bureau of Shipping a 1862, da Det Norske Veritas a Norway a 1864, sannan a 1878 ƙungiyar ta Landan, wato Lloyd's, ta fara fitar da kundi na musamman domin jiragen shaƙatawa na masu hali.

Babu dokar da ta tilasta wa mai jirgi shiga wannan kundi, amma wanda ya ƙi shiga yakan biya kuɗin inshora mai tsada, ko ya rasa fataken da za su yarda su ɗora masa kaya. Saboda haka tun daga tushe ƙa'idar sa-kai tana da ƙarfi, sai dai ƙarfin aljihu ne, kuma irin wannan ƙarfi yana aiki ne kawai muddin nutsewar jirgi asara ce ga mai shi.

Shigowar doka

Inda wannan sharaɗi ya rushe, nan doka ta shigo. A Birtaniya ta ƙarni na sha tara wasu masu jirage sukan yi wa ruɓaɓɓen jirgi inshorar da ta fi darajarsa, su cika shi da kaya fiye da kima, domin ko ya isa ko ya nutse riba tana hannunsu, ma'aikatan cikinsa ne kaɗai suke halaka. Samuel Plimsoll, ɗan majalisa mai wakiltar Derby, ya yi shekaru yana yaƙi da wannan ta'ada har aka zartar da dokar 1876, wadda ta wajabta zana layi a jikin jirgi domin nuna iyakar lodin da zai ɗauka, ko da yake da farko mai jirgi ne yake zaɓar inda za a zana layin, sai a 1890 aka miƙa wannan iko ga hukuma. A Amurka kuwa fashewar tukunyar tururi a jiragen kogi ce ta jawo dokar 1838, wadda ba ta yi tasiri sosai ba saboda masu duban da alƙalai suke naɗawa daga hannun mai jirgi suke karɓar ladarsu, sai aka ƙarfafa ta da dokar 1852, wadda ta kawo gwajin tukunya da matsin ruwa da kuma ba matuƙa da injiniyoyi lasisi.

Ita ma doka ta nuna iyakarta. A watan Yuni na 1904 jirgin fasinja mai suna General Slocum ya kama da wuta a kogin East River na birnin New York, mutane fiye da 1,000 suka mutu, mafi yawansu mata da yara, alhali masu duba na gwamnati sun amince da jirgin makonni kaɗan kafin nan, duk da cewa rigunan kariya daga nutsewa da bututun kashe gobara da ke cikinsa sun riga sun ruɓe. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa wajabci a takarda ba ya kare kowa idan mai duba bai yi aikinsa ba. Duk waɗannan dokoki kuwa jiragen kasuwanci da na fasinja suka shafa, domin a lokacin ana ɗaukar jirgin shaƙatawa tamkar gidan mutum, wanda idan ya yi sakaci da shi kansa ya cuta.

Injin fetur da bunƙasar ƙananan jirage

Injin fetur ne ya fara sauya wannan fahimta. A farkon ƙarni na ashirin ƙananan injuna sun yi arha, Ole Evinrude kuma ya fara sayar da injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale wajen 1909, sai koguna da tafkuna suka cika da mutanen da ba su taɓa koyon tuƙi ba. Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar jirage masu inji a 1910, wadda ta wajabta fitilu da usur da rigunan kariya da abin kashe gobara, sannan dokar 1940 ta ƙara sharaɗin sanya makarin harshen wuta a bakin kafireto da kuma hanyoyin shigar iska a ɗakin inji. Dalilin wannan ƙari shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi, kuma jirgi, saɓanin mota, rufaffe ne ta ƙasa, don haka tururin yakan taru a can ƙasan cikinsa yana jiran tartsatsi ɗaya. Sai dai waɗannan dokoki sun fi mayar da hankali ne kan abin da mai jirgi zai ɗauka a cikinsa, ba su ce komai ba game da yadda za a ƙera jirgin kansa, kuma ba su tanadi dubawa lokaci-lokaci ba.

Ƙungiyoyin sa-kai ne suka cike giɓin. A 1914 aka kafa ƙungiyar United States Power Squadrons domin koyar da tuƙi, a 1939 kuma aka kafa reshen 'yan sa-kai na Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka, wanda tun 1947 yake duba jiragen jama'a kyauta ga wanda ya nema, inda wanda ya cika sharuɗɗa ake liƙa masa shaida, wanda ya gaza kuma ake nuna masa gyara ba tare da tara ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta ƙara faɗaɗa, saboda samuwar kuɗi a hannun ma'aikata da kuma zuwan faiba, wato zaren gilashi da ake haɗawa da ƙaro a zuba a mazubi, wanda ya sa ƙaramin kamfani ma yana iya fitar da jirage masu yawa ba tare da gwanin masassaƙi ba. Ganin yadda kowa yake ƙira yadda ya ga dama, sai a 1954 wasu masana da suka taɓa zama masu ba Rundunar shawara suka kafa majalisar da aka fi sani da ABYC, wadda a yau take da hedikwata a Annapolis ta jihar Maryland, domin rubuta ƙa'idojin ƙira da gyara ta hanyar kwamitoci masu haɗa masu ƙira, masu inshora, jami'an gwamnati, masu duba da masu amfani da jirage. Ƙungiyar kare gobara ta ƙasa, wato NFPA, ita ma tana da tata ƙa'ida mai lamba 302 game da gobara a ƙananan jirage. A 1958 wata dokar tarayya ta kawo rajistar jirage da lambobi tare da wajabta kai rahoton haɗari, wanda hakan ya sa aka fara samun alƙaluman da za a dogara da su, kuma alƙaluman ne suka share fagen babbar dokar da ta biyo baya.

Dokar 1971 da iyakokinta

A watan Agusta na 1971 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu kan Dokar Tarayya ta Kiyaye Lafiyar Jiragen Ruwa, wadda a karon farko ta ba Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ikon gindaya wa masu ƙera jiragen shaƙatawa ƙa'idoji, da ikon tilasta musu sanar da masu saye idan an gano aibi mai haɗari. Daga wannan doka aka fitar da sharuɗɗan da suke a kundin ƙa'idojin tarayya, babi na 33, sashe na 183: jirgi mai ganga ɗaya da bai kai ƙafa 20 ba, wato kimanin mita 6, dole ya ɗauki allon da ke nuna yawan mutane da nauyin kaya da ƙarfin injin da ya dace da shi, dole kuma a sa masa kumfar soso da za ta hana shi nutsewa ko da ya cika da ruwa, wanda a 1978 aka tsananta ga masu injin rataye domin jirgin ya tsaya a kwance daidai mutane su samu abin riƙewa. Tun watan Nuwamba na 1972 kowane sabon jirgi yana ɗauke da lambar shaida mai haruffa da lambobi 12 a bayansa. A shekarar da aka zartar da dokar, adadin mace-mace ya kai 20.6 a kan kowane jirage 100,000 masu rajista, a 1973 mutane 1,754 suka mutu, a 2023 kuwa adadin ya sauko zuwa 564, wato 4.9 a kan kowane jirage 100,000, ko da yake ba dokar ƙira kaɗai ce ta jawo wannan sauƙi ba, domin koyar da matuƙa da yaƙi da tuƙi cikin maye da ƙa'idojin sa-kai duk suna da hannu a ciki.

Abin da ya fi shafar mai duba shi ne ƙuncin wannan doka. Sharuɗɗanta game da mai da lantarki sun shafi jirage masu injin fetur na ciki ne kawai, don haka jirgi mai injin dizal ba ya ƙarƙashinsu. Ba ta ce komai ba game da tukunyar gas ta girki a jirgin da ba na haya ba, ko famfunan da suke huda gangar jirgi a ƙasan ruwa, ko kaurin ganga da ƙarfinta. Kamfani ne da kansa yake liƙa shaidar cewa ya bi doka, ita kuma Rundunar takan ziyarci masana'antu ta kuma sayi wasu jirage ta gwada. Bugu da ƙari, dokar ta hana a tilasta babban gyara ga jirgin da aka riga aka ƙera kafin sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, kuma ba ta wajabta wa mai jirgin shaƙatawa ya kai jirginsa a duba ba ko sau ɗaya. Ƙa'idojin ABYC su ne suka shiga waɗannan wurare: ƙa'idar A-1 ta ce a ajiye tukunyar gas a akwatin da ba ya buɗewa zuwa cikin jirgi kuma yana da mafita ta ƙasa zuwa waje, H-27 ta ce famfon ƙasan ruwa ya jure nauyin fam 500 na tsawon daƙiƙa 30 ba tare da ya karye ba, H-33 ta tsara harkar man dizal, E-11 kuma ta tsara wayoyin lantarki, har da na'urar da take yanke wuta idan ta fara zurara cikin ruwa, abin da yake kashe masu iyo a kusa da matsayar jirage a tafkuna.

Yadda sa-kai yake zama dole

Hanya ta farko ita ce ta inshora, wadda ita ce tsohuwar hanyar shagon Lloyd. Kamfanin inshora yakan nemi rahoton duba kafin ya lamunci tsohon jirgi, kuma yakan gindaya sharaɗin cewa a gyara abubuwan da mai duba ya lissafa cikin wani wa'adi, wanda idan mai jirgi ya yi watsi da shi kamfani yana iya ƙin biya ranar da haɗari ya auku. Matsayar jirage kuma takan ƙi karɓar jirgin da ba shi da inshora, banki ma haka, don haka shawarar da babu dokar da ta tsaya mata takan zama sharaɗin mallakar jirgi gaba ɗaya. Ƙungiyar masu ƙera jirage ta Amurka, wato NMMA, ita ma tana ba da shaidar inganci bisa ƙa'idojin ABYC, kuma masu saye da dillalai suna neman wannan shaida.

Hanya ta biyu ita ce ta kotu. A shari'ar T. J. Hooper ta 1932, wadda ta shafi jiragen ja biyu da suka yi asarar kwale-kwalen kwal a guguwa saboda ba su da rediyo mai aiki da za su ji gargaɗin yanayi, alƙali Learned Hand ya yanke cewa rashin doka da rashin al'ada ba hujja ba ne, domin sana'a ɗungurungum tana iya yin jinkiri wajen ɗaukar matakin da hankali ya wajabta. Ita kanta dokar 1971 ta bayyana cewa bin sharuɗɗanta ba ya wanke kamfani daga ƙarar diyya, kuma a 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a shari'ar Sprietsma da kamfanin Mercury Marine, inda ta ce shawarar da Rundunar ta yanke a 1990 ta ƙin wajabta makarin farfela ba ta hana iyalin wadda farfela ta kashe shigar da ƙara a kotun jiha ba. A irin waɗannan shari'o'i lauyoyi da ƙwararrun shaidu sukan kawo ƙa'idojin ABYC domin nuna abin da mai sana'a mai hankali ya kamata ya yi, shi ya sa kamfani ko makanike ko mai duba da ya kauce musu yake buƙatar dalili mai ƙarfi.

Hanya ta uku ita ce doka ta ɗauko ƙa'idar sa-kai kai tsaye ta ambace ta da lambarta, abin da wata dokar tarayya ta tsakiyar shekarun 1990 ta ƙarfafa wa hukumomi gwiwar yi maimakon kowace ta rubuta nata. Fitilun tafiyar dare na sababbin jirage dole su cika ƙa'idar A-16. Maɓallin da yake kashe inji idan matuƙi ya faɗa ruwa ya daɗe yana cikin ƙa'idar A-33 a matsayin zaɓi, sai dokar 2018 ta wajabta wa masu ƙira sanya shi a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba, daga watan Afrilu na 2021 kuma aka wajabta wa matuƙa amfani da shi. Haka nan na'urar gano iskar kabon monoksaid, guba marar launi marar wari da take fitowa daga hayaƙin inji, ta kasance a ƙa'idar A-24 tun kafin jihar Minnesota ta zartar da dokar wajabta ta a 2016, bayan mutuwar wata yarinya a cikin jirgin iyayenta.

Tafarkin Turai

Turai ta bi wata hanya dabam, kuma dalilinta na farko ciniki ne, domin a da kowace ƙasa tana da nata sharuɗɗan, wanda ya sa jirgin da aka ƙera a Faransa yake shan wahalar shiga kasuwar Italiya. A 1994 Tarayyar Turai ta zartar da umarni kan jiragen shaƙatawa masu tsawon mita 2.5 zuwa 24, wanda ya zama wajibi daga watan Yuni na 1998, aka sabunta shi a 2013, sabon kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2016. Umarnin ya kasa jirage gida huɗu bisa yanayin da aka ƙera su su jure, ana auna iska da ma'aunin Beaufort mai matakai daga 0 zuwa 12: rukunin A na iskar da ta wuce mataki na 8 da igiyar ruwa sama da mita 4, rukunin B har mataki na 8 da mita 4, rukunin C har mataki na 6 da mita 2, rukunin D kuma na ruwa mai natsuwa, har mataki na 4. Nazarin daidaiton jirgi, wato ƙarfinsa na komawa tsaye bayan igiya ta karkatar da shi, ya samu ƙarfi ne bayan tseren Fastnet na watan Agusta na 1979, inda jirage 303 suka shiga guguwa har 'yan tsere 15 suka mutu, kuma sakamakon irin wannan nazari ya shiga ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO mai lamba 12217.

Dabarar umarnin ita ce ya haɗa wajibi da sa-kai a tsari ɗaya. Doka tana faɗar manufa a dunƙule, kamar cewa jirgi ya kasance da isasshen ƙarfi da daidaito da kariya daga gobara, wannan shi ne wajibi, ƙa'idojin ISO kuma suna bayyana yadda za a cimma manufar, kuma bin su zaɓi ne. Wanda ya bi su ana ɗauka ya cika doka, ya liƙa alamar CE, wanda ya zaɓi wata hanya kuwa nauyin kawo hujja yana wuyansa, kuma tsadar kawo hujjar ta sa kusan kowa yake bin su. Sai dai umarnin ya shafi ranar da jirgi ya fara shiga kasuwa ne kawai, abin da ya biyo baya an bar wa kowace ƙasa, shi ya sa Sifaniya ta wajabta dubawa lokaci-lokaci, Faransa ta tsara kayan tsira bisa nisan jirgi daga mafaka, Birtaniya kuwa ba ta wajabta yawancin kayan tsira ga jirgin shaƙatawa na teku da bai kai mita 13.7 ba.

A koguna da magudanan ruwa na cikin Birtaniya lamarin ya bambanta, domin tun 1997 hukumomin hanyoyin ruwa suka kafa tsarin duba wanda sai da takardarsa ake ba jirgi lasisi, takardar kuma shekara huɗu take yi. Tsarin ba ya duba lafiyar ganga, yana duba gas da mai da lantarki da gobara ne, kuma ya raba bincikensa gida biyu bisa wani ma'auni bayyananne: abin da zai iya cutar da maƙwabta da sauran masu amfani da ruwa wajibi ne, abin da haɗarinsa ya tsaya kan mutanen cikin jirgin kuwa shawara ce. Da wannan ma'auni ne na'urar gano kabon monoksaid ta zama wajibi a watan Afrilu na 2019, bayan gwaje-gwaje sun nuna cewa gubar tana iya shigowa daga injin jirgin da ke kusa.

Matsayin mai duba

Shi kansa mai duba jirgin shaƙatawa a Amurka ba shi da lasisin gwamnatin tarayya, kowa yana iya kiran kansa da wannan suna. Ƙungiyar masu duba ta NAMS, wadda aka kafa a 1962, da ƙungiyar SAMS, wadda ta biyo baya a shekarun 1980, su ne suke gindaya sharuɗɗan shekarun gogewa da jarrabawa da ci gaba da karatu, kuma ko da yake shiga cikinsu zaɓi ne, yawancin kamfanonin inshora rahoton 'ya'yansu suke karɓa. Wahalar aikin tana bayyana ne idan aka kawo jirgin da aka ƙera, misali, a 1980, wanda ya cika dokar zamaninsa amma ya gaza ƙa'idojin yau da dama, waɗanda asali domin sababbin jirage aka rubuta su. Idan mai duba ya rubuta shawarar sa-kai da lafazin doka, ya yaudari mai saye, ya karya darajar kayan mai sayarwa, kuma yana iya ɗora wa mai jirgi gyaran da ya fi kuɗin jirgin. Idan kuma ya yi shiru kan tukunyar gas da ke zaune a ɗakin kwana domin babu dokar da aka karya, ya bar mutane cikin haɗarin da ya gani da idonsa. Saboda haka rahoton da ake yarda da shi yakan kasa abubuwan da aka gano mataki-mataki, ya fara da saɓa wa doka da haɗarin da ke barazana ga rai, ya biyo da abin da ke buƙatar gyara nan gaba kaɗan, ya ƙare da abin da zai inganta jirgi idan mai shi ya so, kuma a gaban kowane ya ambaci tushensa, ko doka ce, ko ƙa'idar ABYC ko NFPA, ko ra'ayin mai duba bisa gogewarsa.

Batiran lithium, waɗanda masu jirage suke sanyawa a madadin na dalma saboda sauƙin nauyi da yawan wutar da suke riƙewa, amma gobararsu take da wuyar kashewa, su ne sabon fagen da wannan tsohon tsari yake maimaituwa. ABYC ta fitar da ƙa'idar E-13 game da su a 2022, kamfanonin inshora kuma sun fara tambayar wanda ya haɗa su da yadda aka haɗa su kafin su lamunci jirgi. Mai duba da ya tarar da irin waɗannan batira a tsohon jirgi yana auna su ne da ƙa'idar da ba doka ba, yana kuma sane da cewa abin da ya rubuta zai iya zama sharaɗin inshorar mai jirgin, don haka nauyin da ke kansa shi ne ya faɗi girman haɗarin yadda yake, ya kuma faɗi a sarari wanda ya gindaya sharaɗin.